Kallon da Baba Yake wa Roba

Jiya bokitin da Baba ya ƙera ya fashe, sai na tuna masana'antarsa ta Laranto. Yakan narka tsohuwar roba, ya barbaɗa wani farin gari, ya ce, "Wannan ke ɗaura mata jijiyoyin da suka tsinke."

Wata rana na kai masa abinci da sabon lalle a hannuna. Bai ɗago ba. Zazzafar robar da ke fitowa daga inji yake wa murmushin da ban taɓa samu ba.

"Baba, ni fa?"

"Ke ai ba ki tsinke ba, uwata."

Har yau ina kishin robar nan. Allah Ya jiƙansa, Ya sada mu inda babu inji, ya kalle ni.