Baba Muntaka, Wanda Ya Ɗaure Yatsunsa

Kullum da hantsi, in ya dawo daga kewaya gona, Baba Muntaka yakan shimfiɗa buzu a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, a ƙauyenmu kusa da Makoɗa, ya jira ɗalibin ranar. Ɗaya tak. Shekara arba'in yana koyar da busa sarewa, bai taɓa haɗa mutum biyu ba. Kafin ya koya maka komai sai ya gwada yatsunka a jikin kara, ya yi huda huɗu daidai inda suka sauka. Faɗa kuwa Allah ya hore masa. Ka kuskure busa, har kakanka sai ya sha zagi.

Bana ya ajiye busa, numfashi ya gaza. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa maganar Ja'afaru ce.

Ja'afaru ne gwanin ɗalibansa. Shi kaɗai ya haddace taken kowane manomi, wanda ake busa wa mutum ranar gayya ya ji ƙarfi ya zo masa. Sai Turawa suka ɗebe shi soja zuwa yaƙin ƙasar Bama. Ya dawo babu yatsu biyu na hannun dama, manuni da na tsakiya, waɗanda ake toshe hudojin ƙasa da su. Ya shige zaure ya ƙi fita, hannu cikin riga. Baba kuwa ya san in Ja'afaru bai koma busa ba, taken nan za su bi tsohon kabari.

Baba ya same shi ya ce, "Ɗana, yaushe za ka dawo gindin tsamiya?"

Ja'afaru ya zaro hannun. "Da me, Baba? Naka goma ne cif. Ba ka san abin da kake faɗa ba."

Muka zaci sama za ta faɗo. Sai tsohon ya ce, "Gaskiyarka," ya tashi.

Washegari aka gan shi ya lanƙwashe yatsunsa biyu ya ɗaure da tsumma. Matarsa Luba ta ce, "Malam, tsufan ne ya zo da wannan? Dubi miya a rigarka!" Rani guda yana haka. Gwanin da ake zuwa ji daga garin Kunci ya koma busa kamar ɗan akuya ya ɓace wa uwarsa, masu wucewa na dariya, ni ma na yi, Allah ya yafe mini. Ya ɓata kara ya fi dami kafin ya gane sai an matso da hudojin, an karkata su wajen ƙananan yatsu.

Rannan ya zauna bakin zauren Ja'afaru, hannu a ɗaure, ya busa taken marigayi mahaifin Ja'afarun daga farko har ƙarshe. Ya ajiye sarewar a dokin ƙofa, ya tafi. Kwana uku, sai ga Ja'afaru a gindin tsamiya.

Da damina, a gayyar gonar wani manomi Badaru, Ja'afaru ya busa. Garemani suka tashi tare, tsofaffi na ihu kowa ya ji takensa. Na yi hawaye, ban ɓoye ba.

Baba, kai ne malamin da aka ce masa bai sani ba, ya yarda, ya koma ya koyo. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka gama lafiya. Malamai da iyaye, duk mai wani a hannunsa, ga abin koyi: kafin ka ce da mutum ya iya, ɗanɗana abin da ya hana shi.

Yatsun nan biyu na Baba ba su ƙara miƙewa sosai ba. Jiya Ja'afaru ya riƙe su yana ba shi haƙuri. Tsohon ya fizge hannunsa ya ce, "Kai, tafi can! Ga ɗalibinka yana jira. Ka gwada yatsunsa tukuna."