Sikelin Bayan Goshi

A gidanmu na Garwa, wutar tatsuniya ita ce wutar bandar kifi. Bayan magariba Kaka, mahaifiyar Babanmu, takan zauna kusa da murhu, mu kewaye ta hayaƙi na cin idanunmu. Inna kuwa tana gefe tana juya kifi. Daga duwatsun Mokolo Baba ya auro ta, kuma Kaka ba ta taɓa yafe wannan ba. Ko tuwonta ba ta ci.

"Ga ta nan, mai kunne ya matso," in ji Kaka. Wai akwai wani mafarauci da 'yar tsohuwa ke zaune a bayan goshinsa riƙe da sikeli. Duk wanda ya gani sai ta auna masa: wannan naka ne, wancan bare ne. Ya auri baƙuwa, ta yi ta ɗura masa fura har tsohuwar ta yi barci. Ranar da kura ta shigo, ya rungumi ɗan akuya ya bar mata ɗansa.

"Baƙuwa ke nan," Kaka za ta ce, idonta a kan Inna. Mu kuma, sakarkaru, mu yi ta dariya. Har yau ina jin haushin wannan dariya.

Shekara talatin Inna na jiran kalma ɗaya mai daɗi. Sai da jijiyar jini ta tsinke a cikin kan Kaka aka kwantar da ita a lopital, wato asibiti, sannan ta karɓi kunu daga hannun Inna, ta yi mata godiya da Fulatanci, ta ce, "Useko, 'yata." Inna ta fashe da kuka.

Dokta ya nuna mini hoton ƙwaƙwalwar. Ya ce masu bincike sun gano cewa a gaba, saman idanu, akwai wurin da ke ba mutane nauyi a zuciya, na so ko na ƙi, kuma na Kaka ya lalace. Ashe sikelin gaskiya ne. Ba tuba ta yi ba, ƙiyayyar ce ta rasa wurin zama. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ko haƙurin da ya kamata ta bayar, ciwo ya sace mana.

Na samu Inna a baranda tana wanke kofi. Na ce, "Inna, kada ki yaudari kanki, ba ke take..."

"Na sani," ta katse ni. "Har mai shara ma Kakarki ta ce mata 'yata. Ke dai ki rufe baki, ki bar ni in ji."