Ranar da Aka Bar wa Turke Ƙofa a Buɗe

In ka bi titin da ya gangara kogin Yazoo da hantsi, ƙanshin soyayyiyar tarwaɗa zai tare ka tun kafin ka hango rumfar Lavelle Tubbs. Mai rumfar ƙato ne, wuyansa da kansa faɗinsu ɗaya, yana ɗan jan ƙafar hagu. In ka ce masa sauri kake, sai ya dube ka, ya juya kifin a mai, ya ce, "Shi kuwa ba ya sauri."

A garinmu ba mai ce masa Lavelle sai mahaifiyarsa, Mama Odessa. Kowa Turke yake kiran sa, tun yana sakandare, ranar da kocinsu na ƙwallon zari-ruga irin ta ƙasarmu ya kai shi ƙarshen layin masu tsaro ya ce, "Tsaya nan, kada kowa ya zagaye ka." Yaro ne mai jin magana, ya tsaya. Da tsayuwar nan ya shiga jami'a, da ita kuma wata ƙungiyar ƙwararru ta ɗauke shi can arewa, inda ƙanƙara ke zuba kuma ba wanda ya iya dafa kuɓewa.

Masu tsaron ƙarshen layi iri biyu ne, ko da yake riga ɗaya suke sawa. Akwai masu farautar mai jifa, wato ɗan wasan abokan hamayya da ke cilla wa 'yan uwansa ƙwallo. Da an saki ƙwallo sai su zagaye wanda ke tare su, su kayar da mai jifan kafin ta bar hannunsa, su tashi su taka rawa, talabijin ta yi ta maimaitawa. Akwai kuma irin su Turke, waɗanda ake sawa don mai gudu da ƙwallo. Aikinsa ya dafe ƙaton da ke gabansa, ya kafe ƙafa, ya toshe gefe, har mai gudun ya rasa hanya ya koma tsakiya inda wasu za su danne shi. In ya yi aikinsa daidai, sunan wani ake faɗa.

A wasan, ana ba masu riƙe da ƙwallo yunƙuri huɗu su ci tazarar da aka ƙayyade. Yunƙurin farko da na biyu, lokacin da aka fi gudu da ƙwallo, Turke na cikin fili. Da an zo na uku, kowa ya san jifa za a yi, sai ka ga ya juya ya fita da ɗan gudunsa, wani siririn saurayi mai suna Dontrell ya shigo. Shekaru aka yi a haka. Sau ɗaya ya taɓa kayar da mai jifa, alƙalin wasa ya cilla ƙyallen nan mai ruwan ɗorawa ya soke, wai wani ya motsa kafin lokaci.

Mama Odessa ba ta san dokokin wasan ba, ba ta kuma nemi sani ba. Ranar Lahadi in an taso daga coci takan zauna gaban talabijin da hular cocin a kanta, ƙanenta Kawu Cleophus mai aski yana gefe da kwanon wake. Ana tashi wasa sai waya.

"Lavelle, me ka yi musu kuma?"

"Ban yi komai ba, Mama."

"To don me da abu ya ɗau zafi sai su kore ka? Da idona nake gani. Rashin kunya ka yi wa wani?"

"Haka tsarin yake. Ni na gudu ne, Dontrell na jifa."

"Wancan mai rawar? Uwarsa dai ta ji daɗi. Ni kuwa matan coci sai tambayata suke wanne ne nawa, in ce ku jira, za ku ga bayansa yana fita."

Kawu Cleophus ya fizge wayar. "Turke, ni da kai kunnen doki muke fa. Ban taɓa kayar da mai jifa ba, kai ma haka. Ni dai a kujera na yi nawa."

"Na gode, Kawu."

"Ba komai, ɗana. Ka gaishe da benci."

Ba wai Turke bai taɓa gwada farautar ba. A shekararsa ta farko, wata rana ƙaton da ke tare shi ya kauce, hanya ta buɗe, shi kuma ya zura a guje kamar an kira shi cin abinci. Yana isa, mai jifa ya ɗaga masa ƙwallon ta saman kai, ta faɗa hannun mai gudu daidai wurin da ya bari. Washegari Koci Broussard, wani Bafaranshen Louisiana mai muryar tsohuwar mota, ya sa hoton a ɗakin kallo gaban kowa. Ya mayar, ya sake mayarwa.

"Tubbs, wa ya tare ka a nan?"

"Ba kowa, Koci."

"Son ka suke yi?"

"A'a, Koci."

"To ruwa ba ya tsami banza. In ka ga an bar maka ƙofa a buɗe, akwai mai jira a bayanta."

Turke ya ji, kuma na faɗa muku yaro ne mai jin magana. Daga ranar ba a sake kama shi da wannan tarko ba. Ƙungiyoyi suka gwada har suka gaji suka bari.

Sai gwiwar hagu ta fara magana. Likita ya duba, ya ce in yana son hawa matakala da kansa nan gaba, wannan kakar wasan ce ta ƙarshe. Turke ya aika a kawo Mama Odessa wasan ƙarshe. Ta ce ba ta shiga jirgi, in Ubangiji na son ganin ta a sama shi zai kira ta. Suka biyo bas ita da Kawu Cleophus, da bargo, da kaza a takarda.

Ana gobe wasa Turke ya sami koci a ofis.

"Koci, roƙo na zo yi. Yunƙuri na uku, guda ɗaya tak."

"Kai? Ai ko firji aka tura zai riga ka isa."

"Mamata ta zo. Ba ta taɓa jin an faɗi sunana ba."

Koci ya daɗe yana tauna cingam. Ƙungiyar dama ba inda za ta a shekarar, an riga an fitar da su. Ya ce, "Guda ɗaya. In ka karye, ban san ka ba."

Rana ta karkata, wasa ya kusa tashi, aka zo yunƙuri na uku da tazara mai yawa a gaban abokan hamayya. Turke ya juya zai fita kamar kullum, har ya kusa bakin layi.

"Ina za ka?" in ji Koci. "Koma!"

Ya koma. Dontrell, wanda aka mayar ɗaya gefen, ya leƙo. "Tsoho, ɓatan hanya ka yi? Benci na can baya."

Aka saki ƙwallo. Wanda ke gaban Turke sabon ɗauka ne, ya rikice da lissafin wa zai tare, ya juya ciki ya rungumi wanda wani ya riga ya riƙe. Tsakanin Turke da mai jifa ba kowa, hanya ce wadda babbar mota za ta bi ba ta goga ba. Mai jifan ma wani gefen yake kallo.

Turke ya ɗan taka, sai ya ja birki.

Ya duba hagu yana neman mai gudu. Babu. Ya waiwaya baya. Babu. Ya buɗe hannuwa, ya durƙusar da gwiwa, ya tsaya yana jiran tarkon ya fito. Ba wani tarko, yaron nan kuskure kawai ya yi. Koci na tsalle a bakin layi yana ihu, "Tafi! Tafi mana, don Allah!" Kawu Cleophus ya ce shi daga inda yake ya ɗauka ƙirga ciyawa yake.

Mai jifa ya waiwayo ya ga ƙato tsaye kusa da shi, ba ya zuwa, ba ya tafiya, kallonsa kawai yake. Shi ma bai taɓa ganin haka ba, sai ya ɗan daskare. Kafin ya farga Dontrell ya ɓullo ta ɗaya gefen, mai jifa ya rungume ƙwallo ya ruga, kuma bai tashi rugawa ba sai ta gefe.

To nan fa aka zo gidan Turke. Mutum riƙe da ƙwallo yana neman zagaye shi ta gefe, abin da ya yi rayuwarsa yana jira ke nan. Ya zube ya kama ƙafafun, Dontrell ya diro ta sama, su uku suka kife. Mai shela ya faɗi sunaye biyu, ya ce an raba musu kayar da mai jifan, kowa rabi. Dontrell ya miƙe ya kama rawa. Turke na can ƙasa, sai da mutum biyu suka ɗago shi.

Bayan wasa Turke ya sami Mama da Kawu a wurin ajiye motoci, Mama Odessa ta lulluɓa da bargo, hular coci a sama.

Kawu Cleophus ne ya fara. "Me kake jira a tsakiyar filin nan? Bas?"

"Ƙofar ta yi faɗi da yawa, Kawu."

"Yi shiru, Cleophus," in ji Mama. "Na ji sunanka, Lavelle. Na faɗa wa matar da ke kusa da ni nawa ne, ta ce madalla. Amma mene ne kuma rabi? Mutumin nan gaba ɗayansa ya faɗi, ina kallo."

"Mu biyu muka kama shi, sai aka raba mana."

"Wane rabin ne naka?"

Turke ya yi tunani. "Na ƙasa."

"Ƙafa biyun duka?"

"Duka, Mama."

Sai ga Dontrell zai wuce, da jaka a kafaɗa. Ya cire hula ya rusuna. "Barka da yamma, Mama. Ɗanki fa yau ya kusa sa ni kuka."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Kai ne mai hawa kan abin da wani ya kama?"

"Ni ne, Mama."

"To, rawar dai ka iya. Ka gaishe da uwarka."

Ta miƙa wa Turke jakarta, ta kama hannunsa, suka nufi mota, kowa na jan ƙafarsa.