Makullin da ke buɗe kowane ɗaki

Muna cikin cin tuwon shinkafar da Inna ta ƙullo mana daga garin Gulma, sai muka ji makulli na juyawa a ƙofar ɗakinmu. Ba Baba ba ne, ya tafi ofis tun safe, makullinmu kuma yana hannun Inna.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba. An maido Baba aiki Birnin Kebbi, gida bai samu ba, ya sauke mu a wani ƙaramin otal. Fanka ba ta juyawa, famfo ba ruwa, duk mun haƙura.

Ƙofa ta buɗe, sai ga wani ƙato da jaka, Inna ko ɗankwali babu a kanta. Ta fizgo ni da ƙanwata bayanta, ta daka masa tsawa. Shi ma ya firgita, wai ɗakinsa ne ya ɓace masa.

Inna ta yafa mayafi ta nufi wurin manaja, muna riƙe da zanenta.

"Malam, ƙaƙa makullin wani ya buɗe ɗakinmu?"

Ko kai bai ɗago ba. "Hajiya, ai dut makullan ga iri ɗaya na. Kuma ba a taɓa sata nan ba."

"Sata nic ce maka? Ɗiyana mata na kwana ciki!"

Muna komawa ta tura gado ta tokare ƙofa, ta hau ta zauna. Baba kansa sai da ya faɗi sunayenmu kafin ta buɗe.

Har yau in na sauka otal, sai na jingina kujera bayan ƙofa, maigidana yana mini dariya. Ku fa, wane tsoro kuka gada wurin iyayenku mata?