Faɗa-wutar da Hajiya ta saka

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Orozo, wani abu ya far wa zogalen mahaifiyata Hajiya. Wataƙila na ɗan rikita wasu bayanai, don an jima.

Zogalen nan shi ne abincinta na safe, saboda hawan jini. Sai ga wasu ƙananan tsutsotsi sun mai da ganyen kamar rariya. Ta ce ba za a fesa wa abin da take ci guba ba, kuma tunda na karanta aikin gona, in san yadda zan yi.

Na ce sai na gane mai yin ƙwan tsutsotsin tukuna. Na sa tsutsa ɗaya a kwalba da ganye da 'yar ƙasa, na huda murfin. Ta farko kaji suka ture kwalbar suka cinye ta. Ta biyu ƙanwata ta zubar, wai ƙazanta ce. Ta ukun ce ta shige ƙasa ta yi shiru. Kullum na dawo daga ofis, kafin in cire takalmi sai na leƙa ta.

Ranar da ta fito da fikafikai, dab da magariba, na tarar da Hajiya tana kwance murfin.

"Hajiya, don Allah kar ki buɗe."

"Tun safe take bugun kwalba, ba ci ba sha. Alhakinta a kan wa?"

"Ita ce fa take cinye miki zogale."

"To ka kashe ta mana. Tsarewar ce ban yarda da ita ba."

Kafin in rufe baki Hajiya ta buɗe murfin, abar ta tashi. Abin da na iya gani, faɗa-wuta ce 'yar ƙarama mai ruwan ƙasa, irin masu zagaye fitila. Na bi ta da takalmin ofis har gindin zogalen. Ba ta kula tsofaffin ganye ba, sai ta maƙale a bayan sabon toho. Washegari na juya tohon, ga ƙwai fari-fari a manne wuri ɗaya.

Daga nan kowace safiya muke tsinke tohon da ke da ƙwai, har zogalen ya farfaɗo. Hajiya kuwa ta gaya wa maƙwabta ita ta gano maganin.

Har yau ban san ainihin sunan faɗa-wutar ba, kuma abin yana ci mini rai, domin ko fikafikanta ban samu na duba ba. Ƙanwata da sauran waɗanda suka shaida, in na kauce a wani wuri, ku gyara mini.