Curin Laka Huɗu da Gora Huɗu

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Laraba, mu uku ne a zauren gidana a Haɗeja: ni, da 'yata ta biyu wadda take koyar da kimiyya a sakandare, da taubashina, ɗan kawuna, masunci, wanda ya kawo mana kifi daga Kirikasamma. Na san lokacin domin ba na fara komai sai na duba agogo.

Yarinyar ta zo aron kayan da na yi shekara ashirin da uku ina koyarwa da su a aji biyar na firamaren wani ƙauye, kafin in yi ritaya. Curin laka huɗu ne da gora huɗu. Lakar ni na ɗebo a fadama, na mulmula, wata mai ginin tukwane ta gasa mini. Su ne Makyuri, Binas, Duniya da Mas, duniyoyi huɗu na kusa da rana, waɗanda littafi ya ce na dutse ne. Gorunan kuwa taubashin nan ne ya ba ni, irin waɗanda masunta ke kifa ciki a kai su bi ruwa. Babban shi ne Jufita, sai Satun da na yi wa zobe da kaba, sai Yuranas, sai Naftun. Littafin ya ce waɗannan manya ne ƙwarai, kuma na iskar gas ne. Layi biyu, bai ƙara ba. Ni kuma karatuna bai wuce kwalejin horon malamai ba.

Yara sun riƙa tambaya yadda duniya za ta zama iska. Ba na barin tambaya ta kwana. Sai na dubi gora na ga amsa ta fito. Nakan ƙwanƙwasa shi su ji ƙarar, in ce: ɓawo a waje, iska a ciki. Wanda ya je Jufita zai sauka a kan ɓawon ya zauna, kamar masunci a kan goransa. Kowane aji ya haddace wannan. Wanda ya kasa, bulala biyu.

'Yata ba ta yi ajina ba, a gari ta yi firamare wajen kakarta. Saboda haka na jera mata kayan a tabarma bi da bi, na yi bayanin yadda na saba. Da na ƙwanƙwasa babban goran sai ta sunkuyar da kai.

Ta ce, "Baba, Jufita ba ta da ɓawo."

Na ce, "Me ya riƙe iskar?"

"Nauyinta ne yake jawo ta ciki. Babu inda mutum zai sa ƙafa."

Taubashina ya fashe da dariya har da dukan cinya. Ya ce, "Kai bawana! Shekara ashirin da uku kana ɗora 'ya'yan mutane a kan goran da babu shi? Da a kogi ne da tuni ka gama da ƙauyen!"

Na ce, "Rufe mana baki, kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa."

"Ban iya ba, amma ban taɓa nutsar da kowa ba."

Ban kula shi ba. Na sa yarinyar ta buɗe wayarta ta nuna mini hoton Jufita, na yi mata tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ratsin da nake gani a hoton, fentin ɓawo ne? Ta ce gizagizai ne. A ƙarƙashinsu akwai ƙasa? Ta ce iska ce, tana ƙara kauri da zafi in ana nutsawa, har ta koma kamar ruwa, kuma babu iyaka tsakaninsu irin wadda muke gani a bakin kogi. Can tsakiya ana zaton akwai abu mai nauyi, amma babu abin da zai kai wurin bai murƙushe ba. Sauran ukun fa? Ta ce Satun haka take, biyun ƙarshe kayan cikinsu ya ɗan bambanta, amma su ma babu wurin tsayawa. Na lakar kaɗai suke da doron ƙasa.

Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata ɗaliba, 'yar gajera, mai zama a bencin gaba. Wata shekara ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in tana da ɓawo ai ta dutse ce ita ma." Na ce gardama take yi. Na yi mata bulala biyu a tafin hannu, ta koma ta zauna, ba ta sake tambayata komai ba har ta gama makarantar.

Washegari da safe na fita neman ɗalibaina. Na farko yana tuƙa adaidaita a bakin kasuwa. Ina ambaton Jufita ya ɗauko karatun da murya sama, ɓawo a waje, iska a ciki, yana jiran in yaba. Na gaya masa kuskure ne, kuma nawa ne.

Ya ce, "Haba Malam, wa zai je can? Ko Gumel ban cika zuwa ba."

Na ce, "Ba maganar zuwa ba ce. Na gaya maka abin da ba haka yake ba, na kuma doke ka a kai. Maimaita daidai."

Ya maimaita sau uku, fasinja suna kallonmu.

Na biyu na same shi a gonar shinkafa yana gyaran kunya, laka har gwiwa. Shi ne ya ba ni labarin da ya hana ni cin abincin rana: wani ɗan ajinsu ya zama malami a wajen garin Baturiya, kuma da goruna yake koyarwa, yana cewa a wurina ya gada. Na hau babur, inda ruwa ya cinye hanya na shiga kwalekwale. Na tarar da gora huɗu rataye a ajinsa, a jere yadda nake jerawa, har da zoben kaba. Ya ji daɗin ganina. Na sa ya sauke su a gaban yaran, na tsaya na yi gyaran da bakina, domin kada su ɗauka laifinsa ne. A hanyar rakiya ya gaya mini abokansa biyu na kwaleji sun kwafi dabarar. Bai san inda aka tura su ba.

Yarinyar bencin gaba kuwa an ce tana aure wajen Nguru. Na je sau biyu ban same ta ba. Sauran ɗaliban kuma, wasu sun tafi Kano, wasu Legas, wasu sun rasu da abin a kansu. Ƙafata ba za ta kai ko'ina ba, shi ya sa na rubuta.

Mai karatu, in ka taɓa zama a ajin da aka ƙwanƙwasa maka gora aka ce Jufita ce, ka goge wannan, ka gaya wa 'ya'yanka da duk malamin da ka ga yana yi cewa manyan duniyoyin nan huɗu ba su da ɓawo. In kuma ka san wata mata da aka yi wa bulala biyu a aji biyar saboda ta faɗi haka, ka je ka gaya mata ita ce da gaskiya, malaminta yana neman ta yafe masa.