Ƙafar Yaya a Cikin Tallan Dambu

A yawon neman abinci da na yi, na ga marasa lafiya iri-iri. A Abijan na zauna gidan hayar wani tsoho wanda in ka kuskura ka tambaye shi jiki da safe, to nemi kujera, don daga wuya zai fara ya gangaro har idon sawu, gaɓa-gaɓa, da Faransanci mai daɗin ji. A Ibadan na ga mutum yana rera ciwon haƙorinsa kamar waƙa, maƙwabta na amsa masa. A Kartum kuwa mai ciwo kama hannunka yake yi ya ɗora a wurin, don kada gobe ka ce ba a nuna maka ba. Da na gaji na dawo gida Keffi, sai na tarar da yayana yana nan yadda na bar shi. Ko rufin soro ne ya faɗo masa, in ka ce yaya jiki, daga ƙarƙashin ƙasa zai amsa maka cewa da sauƙi.

Gidansa na jikin nawa a Gangaren Tudu. Ya girme ni, kuma duk furfurar da ke gemuna ba ta hana shi kira na yaro ba. Yana da ciwon suga, yana shan magani in ya tuna. A wata damina ya je gonarsa ta hanyar Garaku ya taka kututturen kara, ya dawo yana ɗingishi. Na tambaye shi, ya ce ƙaya ce. Bayan 'yan kwanaki sai na ga ya fara sa safa, cikin zafin da kaza ma ke buɗe baki. Daga nan ya koma sallah a zaune. Aka ce a tafi asibiti, ya ce shi bai ga abin da zai sa dattijo ya je ya bi layi da masu ciwon gaske ba.

Ɗansa da ke aiki a Legas ne ya samo dabara. Ya ce akwai likitan masu ciwon suga a can Legas da ke ganin mutane ta waya, fuska da fuska, kana zaune a ɗakinka. Yaya ya yarda nan take, don a wurinsa waya ba asibiti ba ce. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, a lissafinsa, ba shi ne zai je wurin likita ba. Likita ne zai zo gidansa. Wanda ya zo gidanka kuwa baƙo ne.

Ranar ganawar, da hantsi na shiga na tarar an share zaure an shimfiɗa sabuwar darduma. Yaya na zaune cikin babbar rigarsa ta Sallah, an kafa hula, ƙafafu an lanƙwashe su can ƙarƙashin riga. Turare kuwa har ƙofar gida ana jin sa.

Na ce, "Yaya, ƙamshi ba ya bin waya."

Ya ce, "Kai da ka yi yawon duniya, a can ne aka koya maka tarbar baƙo da warin gona?"

Matarsa ta shigo da jug na kunun aya da kofi, ta dire a gaban wayar. Ni da ita akwai wasan ƙanin miji tun tana amarya, don haka na tambaye ta ko ta ramin caji za a zuba wa likitan. Ta ce in ban riƙe wayar da kyau ba, ta ramin kunnena za a zuba.

Likita ya bayyana, matashi ne mai tabarau, Hausarsa irin ta wanda ya tashi a Kaduna. Kafin ya buɗe baki Yaya ya riga shi. Ya yi masa maraba, ya tambaye shi hanya. Ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi ko iyaye na raye, da aka ce mahaifi ya rasu sai ya ɗaga hannu, muka shafa fatiha. Ya tambayi ruwan Legas. Likita na ta amsawa yana satar kallon agogo, da ya sami ƙofa sai ya yi wuf ya shiga.

"Baba, yaya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

"An ce mini akwai ciwo a ƙafa."

"Yaran zamani ne da ƙarin gishiri. Ɗan ƙurji ne, har ya kama hanya."

"Zan iya gani?"

Ni ne riƙe da wayar, sai na fara sunkuyar da ita a hankali. Yaya ya sa kan sandarsa a ƙarƙashin gwiwar hannuna ya ɗaga, yana ta yi wa likita murmushi. Na sake sunkuyarwa, ya sake ɗagawa. Abin da likita ya gani shi ne fuskar dattijo mai annuri, sai silin, sai fuskar dattijo kuma. Ya ɗauka sabis ne ke rawa. Lokaci ya cika, ya ce a ci gaba da magani, a aiko masa hoton wurin.

Ana kashe waya Yaya ya juyo kaina. "A wace ƙasar ka ga an miƙa wa baƙo tafin ƙafa a fuska? Mutum ya zo gidana karo na farko, ko ruwa bai sha ba."

Na iya musu da harsuna da dama, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ake ƙaryata babban wa a gaban baƙo. Na ja bakina na fita.

A tsakar gida matarsa ta tare ni, wannan karon ba wasa a fuskarta. Ta ce ƙafar ta kumbura har idon sawu, ƙaramin yatsan ya yi baƙi, kuma turaren nan da na ji ba don likita kaɗai aka fesa shi ba. Na taɓa ganin irin wannan a jikin wani abokin fataucina a Njamena. Da yatsa ya fara, a gwiwa aka tsaya. Na faɗa mata haka, ban ɓoye ba.

Ta ce, "Likita hoto ya ce ko? To ai hoto sana'ata ce."

Gaskiya ta faɗa. Dambun nama take yi da yaji da cincin, kuma rabon da ta aika talla tun da ta sami babbar waya. Tana da guruf na masu saye a wayar, yawancinsu ma'aikatan da ke kwana a Keffi su yi sammakon Abuja, da malaman makaranta, da matan unguwa. Duk Alhamis takan shimfiɗa farin ƙyalle a bakin taga, ta jera robobi, ta ɗauki hoto ta tura. Kafin la'asar an gama rabawa, wasu a kai musu a babur, wasu a ba direba a tasha. Ni da na sha ɗaukar samfurin goro a aljihu daga gari zuwa gari don mai saye ya gani da idonsa, nakan zauna in yi ta kallon ta.

Washegari Alhamis ce. Bayan azahar Yaya ya kishingiɗa a ɗaki, ya tuɓe safa don ƙafar ta sha iska, barci ya ɗauke shi. Ta shiga da sanɗa, ni ina gadi a bakin ƙofa. Sai na ga ta buɗe labule don haske ya shigo, ta zaro farin ƙyallen nan ta tura a ƙarƙashin diddigensa. Na yi mata alama da hannu cewa ta yi sauri. Ta harare ni, ta gyara kusurwa, ta ɗauka ta sama, ta ɗauka ta gefe. Ko ƙafar miji ce, ba ta fitar da hoto mara kyau.

Ta fito tana sauri, don lokacin tallanta ya wuce, mutane har sun fara tambaya. Ta zaɓi hotunan ranar gaba ɗaya, yatsanta ya bi hanyar da ya saba bi duk Alhamis, ta rubuta abin da ta saba rubutawa a ƙasa: na yau ne, mai so ya yi magana da wuri. Ta ajiye waya ta koma kan tukunya, da niyyar in ta sauke sai ta tura wa likita nasa.

Wayar ta fara ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ta ce yau kasuwa ta yi kyau, in duba mata. Na duba. Roba ta dambu, roba ta yaji, cincin, sai ƙafar yayana a kan farin ƙyalle, haske ya zauna mata daram.

Na kunna saƙonnin murya ɗaya bayan ɗaya. Wani ma'aikaci ya ce, "Hajiya, a ajiye mini dambu roba biyu, amma na ƙarshen nan ban gane shi ba." Wata ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa tambayar inda ake samo naman ba, yau kam za ta tambaya. Wata tsohuwa ta unguwa ba ta yi wata-wata ba, ta ce wannan ai ƙafar Malam ce, ta san tabon da ke idon sawun tun yana saurayi. Matar Yaya ta zauna a kan turmi ta ɗora hannu a ka. Ta goge hoton, amma wanda ya gani ya gani, wasu ma sun adana.

Kafin la'asar zaure ya cika da 'yan dubiya. Yaya ya tashi daga barci ya ga jama'a, ya rasa dalili, amma ya sa riga ya fito. Kowa ya ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Sai limamin masallacinmu ya ciro waya, ya sa yatsu biyu ya buɗe hoton, ya juya masa.

"Malam, wannan ne sauƙin?"

Yaya ya daɗe yana kallo. Abin da ya fara faɗa shi ne, "Wannan ƙyallen na dambu ne." Sannan ya ɗago ya neme ni da ido. Na sami abin dubawa a silin.

Duk da haka bai sauko ba. Ya ce hoto yana ƙara wa abu girma, shi ma a katin zaɓe ya fi haka muni. Ana cikin wannan sai ga wata mata ta yi sallama, da kayan aiki a jikinta. Nas ce a babban asibitin gari, 'yar Eggon, Kirista, kuma tsohuwar mai sayen yaji ce a gidan. Tana ganin hoton, daga wurin aiki ta taho kai tsaye. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya sa a kawo wa baƙuwa abin sha. Aka kawo kunun aya mai sanyi aka ajiye a gabanta. Ta dube shi, ta ture kofin gefe.

"Baba, ba zan sha ruwan gidanka ba sai na ga ƙafar nan."

Yaya ya ce, "Haba 'yata, sha mana, kin sha rana."

"Na sha rana kam, maƙogwarona ya bushe. In ka ce in tafi haka, sai in tafi, in an tambaye ni in ce na je gidan Baba na fito da ƙishirwa."

Na ga yayana ya shiga tsaka mai wuya. Miƙa wa baƙo ƙafa abin kunya ne, amma baƙo ya fita gidanka bai sha ruwa ba, a gaban liman da rabin unguwa, wannan ba ya wankuwa. Ya dubi kofin, ya dubi matar. Can ya ce wa jama'a su ɗan ba shi wuri. Ya jawo ƙafar daga ƙarƙashin riga da hannu biyu, ya tuɓe safar da kansa.

Nas ɗin ta duba ciwon. Ta sa aka kira likitan Legas, ta karɓi wayar daga hannuna, ta haska wurin da kyau. Yaya ya ja hularsa ta rufe masa ido, yana cewa, "Likita, ka gafarce ni, ba tarbiyyata ba ce wannan." Likita ya ce ya gafarta, amma kada rana ta faɗi bai kwanta a asibiti ba. Suka yi magana da nas ɗin da Turanci, na ji abin da suka ce, ban fassara wa kowa ba. Likitan ya tura hotunan da bayaninsa ga likitan tiyata na nan garin, don haka da muka isa an san da zuwanmu, ba mu bi layin da Yaya ke tsoro ba. Kafin mu fita daga gida, a bakin ƙofa Yaya ya tsaya, ya dogara da kafaɗata, ya ce ba zai shiga mota ba sai ta sha kunun. Ta shanye a tsaye.

Ƙaramin yatsan bai dawo gida tare da mu ba. Ƙafar ta dawo. Likitan tiyata ya ce da an ƙara 'yan kwanaki da wata maganar ake yi, Yaya ya ce ai dama ya faɗa da sauƙi.

Matarsa ta yi mako ba ta tura talla ba don kunya, har mutane suka fara biyo ta gida. Yanzu masu saye sun fi da yawa, sai dai har yau akwai mai tambayar ko na saniya ne ko na Malam. Yaya ya daina yi mata magana na kwana biyu, ni kuwa ya fi haka, wai ni ne mai gadi.

Duk wata yana ganin likitansa ta waya. Har yanzu ana share zaure, ana sa babbar riga, ana ajiye kunu a gaban wayar, in an gama ni nake shanyewa. Likita ya koyi barin lokaci don gaisuwa. In an gama tambayar iyali da ruwan Legas sai ya ce yaya jiki, Yaya ya ce da sauƙi.

"Na ji naka, Baba. Saura in ji daga bakin ƙafar."

Sai Yaya ya nemi gafara, ya ja hula, ni kuma in sunkuyar da waya. Sandar tana nan kusa da shi, amma ba ya ɗaga ta.